Tarihin wasan balo tsakanin kolejinmu da na ƙetaren gulbi

Iyayena dattawa, da yayyena ƴan bida na Yamai, Abijan, Legas da Libiya. A taron ƙungiya na bayan Sallah an yi gardama kan wasan balo na ƴan kolej, wanda muka daina yi da maƙwabtanmu na ƙetaren gulbi. Wasu sun ce a maido shi, wasu sun ce fitina ce, a bar ta kwance. Ni ɗanku ne, mushen lakwal, na kuwa buga wasan nan da ƙafata. Don haka na ga ya kamata in ba da tarihinsa kamin a yanke magana.

Kun fi ni sani, ja-in-ja tsakanin garuruwan nan biyu ta girmi balo. Can da, in an gama ɗaurin hatsi, samarin wancan gari su kan zo dandalinmu kokowa, mu ma mu maida musu ziyara. Makaɗa na kiɗa, ƴan mata na guɗa, sarkin samari na tsaye da bulala, dattawa na zaune bisa tabarma. Wanda aka kada ya tashi ya kakkaɓe, dare ya yi ya ci tuwo gidan wanda ya kada shi. Ba a kai hannu ga sanda, don kowa na ganin ubansa ko kawunsa zaune.

Shi balo baƙo ne. A Ingila aka rubuta dokokinsa cikin 1863, ya iso mana ta hannun Faransawa, waɗanda suka shiga Damagaram cikin 1899. Ta barikin soja da lakwal ya bi. A zamanin nan iyaye na ɓoye ɗiyansu cikin rumbu don kada a rubuta su lakwal, saboda haka abin da duk ya fito daga can, dattawa ba su ɗauke shi nasu ba. Yara suka ɗinka balon tsumma, suka aje takalma biyu madadin gida, manya kuwa suka ce wasan ƴan lakwal ne. Nan ne asalin matsalarmu ta yau.

Bayan samun ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, lakwal ta yaɗu cikin ƙauyuka, balo ya bi ta. Da Seyni Kunce ya karɓi mulki cikin Afrilu 1974, aka raya Samariya, kowane gari da kowace unguwa suka samu ƙungiyar samari mai aikin gayya da wasanni. Cikin 1975 aka yi kokowar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ci. Kokowa ta hau matsayi babba, amma ta ƙaura zuwa manyan filaye na birane da gidan rediyo, ta dandalin ƙauye kuwa ta riƙa ja da baya. Da aka buɗe kolej a garinmu, aka buɗe wata ƙetaren gulbi, sai samarin suka ɗauki tsohuwar gasar kakanninsu suka zuba ta cikin balo. Sau ɗaya a shekara, kamin babbar bakans, bana gidanmu, baɗi gidansu.

Wanda ba ni mantawa shi ne na 2005, shekarar yunwar da ta taɓa jihar Maraɗi ƙwarai. Ina aji huɗu na kolej. Da yawa cikinmu ba su ci komai ba sai kunu tun safe, rabinmu ba takalmi. Muka tafi ƙasa, muka ƙetare gulbi busasshe. Suka ci mu biyu da ɗaya. Bayan wasa wani tsoho na garinsu ya tara mu goma sha ɗaya da mushenmu, ya sa aka dama mana fura, alhali gidansa ma babu wadata. Ya ce mahaifina ya taɓa kada shi a dandali. Ranar na gane abin da ke ƙarƙashin wasan.

Daga baya balo ya ƙara ƙarfi a ƙasa. Cikin Oktoba 2010 Mena ta ci Masar ɗaya da babu a Yamai, Musa Maazu ya zuba, ta kuma je kofin Afirka karon farko cikin 2012, ta koma cikin 2013. Ƴan ƙasa da shekara 17 sun je kofin duniya a Indiya cikin 2017, suka ci Koriya ta Arewa. Cikin Fabrairu 2019 aka yi kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20 a Yamai da Maraɗi, yaranmu suka gani da idonsu. Son wasa ya ƙaru, amma tabarmar dattawa ba ta dawo ba.

Shekarar nan ta 2019 ce abin ya ɓaci. Arbit ya busa penalti saura minti kaɗan, ƴan kallo suka faɗa fili, duwatsu suka tashi, aka fasa kan wani yaro. Ina wurin, kuma in faɗi gaskiya, mu ma akwai laifinmu. Na duba filin nan kaf, babu mai furfura ko ɗaya. Cikin Maris 2020 cutar korona ta sa aka rufe lakwal, da aka buɗe ba wanda ya sake tada zancen. Yau akwai yaran da suka shiga kolej har suka fita ba su taɓa gaisawa da tsararsu na ƙetare ba, alhali kasuwarmu ɗaya, kuma ɗiyanmu mata na aure can.

Iyayena, ƙasarmu ta san yadda ake riƙe hamayya ba ta zama gaba ba. Wasan taubasai, irin na Fulani da Barebari ko na Gobirawa da Zabarmawa, har UNESCO ta rubuta shi cikin al'adun duniya a 2014. Abin da ya rasa ga wasanmu shi ne idon manya.

Ga roƙona. A maido wasan kamin bakans mai zuwa. Maigarinmu ya aika wa nasu goro, kowane gari ya fid da dattawa biyar su zauna bakin fili tun farko har ƙarshe. A ɗauko arbit daga wani gari na uku. Masu gida su ciyar da baƙi, ko sun ci ko an ci su. Ku kuma ƴan bida, in kowa ya aiko da jika ɗaya ga ma'ajin ƙungiya, za a samu balo biyu, da riguna, da kuɗin hatsin fura. Wanda ke da wata shawara ya rubuto wa sakatare kamin taro mai zuwa.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya maido matafiya gida lafiya. Amin.