Jiniyar Kakuri ta yi shiru, kaya ya koma kan malamin aji

Wanda ya tashi a Kakuri ko Makera a shekarun 1970 ba ya buƙatar agogo. Jiniyar masaƙa ce ke yanka masa yini: masu aikin safe su shiga, masu kwana su fito da ɓurɓushin auduga a ka, kekuna su cika titi maƙil. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. UNTL ta 'yan Hong Kong da Arewa Textiles ta 'yan Japan suka biyo baya a tsakiyar shekarun 1960, ga kamfanin ƙera makamai na DICON tun 1964, sannan Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975. Kudancin kogin Kaduna ya zama wurin da duk mai hannu biyu yake samun abin yi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, waɗannan masana'antu makarantu ne. Yaro ya zo da takardar gama firamare, ko ma babu, heluma ya karɓe shi. A wata uku ya san makara tana cin albashi. Ya san in zarensa ya tsinke bai yi magana ba, aikin mutum goma ne zai tsaya. A gefensa Bajju ne, gabansa Tibi, mai karɓarsa da dare Bakatsine, dole ya koyi yadda ake miƙa aiki ga wanda ba yarenku ɗaya ba. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu kuma ta koya wa wasu tsayawa gaban manaja su yi ciniki ba tare da zagi ko durƙuso ba. Adams Oshiomhole daga Arewa Textiles ya fito, ya zama babban sakataren ƙungiyar a 1982, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999, daga baya gwamnan Edo. Bakin da ya yi suna da shi ba a aji ya fara wasa shi ba.

Saboda haka ba wanda ya matsa wa malamin makaranta a kan wannan fanni. Kwalejin Katsina, da aka buɗe a 1922 don horar da malamai, ta damu ƙwarai da hali da iya magana, amma 'yan ƙalilan take ɗauka, kuma yawancinsu mulki ya janye su daga allo. Babban sauyi ya zo a 1976, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa. Yara suka kwararo fiye da yadda aka yi lissafi. Aka shiga yaye malamai da gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a nan Kaduna a wannan shekarar, don ta ƙara wa waɗanda ke bakin aiki sani daga nesa. Aikin ya yi amfani, kada a raina shi. Sai dai wanda aka horar cikin sauri, abin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, su haddace, bulala na kan tebur. Tsarin 6-3-3-4 da ya zo a 1982 ya so ya sa sana'a cikin karatu, amma a makarantu da yawa injinan da aka sayo daga waje sun tsufa cikin akwatunansu, ba wuta, ba malamin da ya san kansu.

Muddin jiniya na busawa, wannan giɓi bai fito fili ba. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, wutar lantarki da baƙin mai suka gagara. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, ko da yake an sake buɗe wani ɓangare nata daga baya. A tsakanin nan rikicin addini na 2000 da na 2002 suka mayar da kogin iyaka: Musulmi da yawa suka haura arewa, Kirista suka gangaro Sabon Tasha, Narayi, Television da Unguwar Romi. A ganina wannan asara ta kai ta masaƙun. Yaron da a da zai girma yana cin tuwon sallah da shinkafar kirsimeti a layi ɗaya, yanzu yana iya gama sakandare bai taɓa yin aiki tare da ɗan ɗaya gefen ba.

To dubi ayyukan da suka maye gurbin masaƙa. Mai POS a bakin titi, mai gyaran waya, direban keke, mai karɓar baƙi a otal ɗin Barnawa, malamar makarantar kuɗi, mai tallar kaya a WhatsApp, da matasan da ke rubuta manhaja a wurare irin su CoLab, da aka buɗe a Barnawa a 2016, suna yi wa mutumin da ba su taɓa gani ba aiki ta intanet. Babu heluma a ɗaya daga cikinsu. Jarin kowa shi ne baki, cika alkawari, haƙuri da abokin ciniki mai tsiwa, da iya warware matsala ba a ce masa yi kaza ba. Masu shirya taro sun ba waɗannan halaye sunan Turanci, amma kakanninmu sun san su: iya zama da mutane, riƙon amana, sanin ya kamata.

Hukuma ta farga a hankali. A 2011 aka sa darussan sana'o'i 34 cikin manhajar babbar sakandare. Shirin ESSPIN na tallafin Birtaniya, da ya fara a 2008 har da Kaduna a jihohinsa, ya yi ta koya wa malaman firamare raba yara rukuni-rukuni da barin su su yi tambaya. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. An yi ta jayayya a kan hakan. Ni abin da na lura shi ne, jarrabawar ta auna ko malami ya san lissafi, ba ta auna ko zai iya jure yaro ya ce masa "Malam, ban yarda ba." Shirin AGILE na Bankin Duniya, daga 2020, shi ne ya fito ƙarara ya sa dabarun zaman duniya da sanin kwamfuta cikin abin da za a koya wa 'yan matan sakandare, a ƙananan rukunoni da malama ke jagoranta.

Wahalar tana wurin da takardun shiri ba su cika taɓawa ba. A gida mun koya wa yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, kada ya haɗa ido, kada ya yi musu. Wannan tarbiyya ce, kuma ba abin zubarwa ba ce. Amma ranar intabiyu, mai ɗaukar aiki ya ga sunkuyen kai sai ya rubuta rashin kuzari. Ana so malami ya nuna wa yaro inda kunya take ado da inda take cuta, alhali shi ma da sunkuyen kai aka yaye shi, gaban shugaban kwaleji da sufeton makarantu.

Sai a kira shi bita ta kwana uku, wanda ya koya masa shi ma daga wata bitar ya ɗauko. Ranar Litinin ya dawo ajin da ya cika har taga, ya juya bencina, ya raba yara shida-shida, ya ba su tambaya su tattauna. Aji ya kaure da surutu. Hedimasta ya leƙo ya tambayi ko lafiya, ya tuna masa jarrabawar WAEC ta matso, kuma ba ta ba da maki don an iya sauraron aboki. Wasu malaman sukan mayar da bencinan yadda suke kafin tashi. Wasu kuma sukan bar su a haka har Juma'a.