Tarihin telebijin, da abin dubawa kafin ka sayi babba

Ɗan'uwa mai karatu, in ka shiga babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, za ka ga telebijin jere a kantuna, wata faɗinta ya kai ƙyauren ɗaki. A jikin kwalinta an rubuta 4K, ko UHD, ko Smart. Mai kanti zai ce maka wannan ita ce ta zamani. Gaskiya ya faɗa. Amma kuɗinta kuɗin bijimi ne, ko na albasar rani guda, ko gumin ɗanka da ke ci-rani a Abijan ko Legas. Kafin ka kwance bakin jaka, ya kamata ka san inda abin nan ya fito, ka san ma'anar baƙaƙen da ke jikinsa.

A watan Janairu na 1926, a birnin Landan, wani mutumin Sikotilan mai suna John Logie Baird ya tara masana, ya nuna musu fuskar mutum tana motsi cikin wani ɗan gilashi. Na'urarsa faifai ce mai ƙananan huji, tana juyawa da sauri. Hoton dishi-dishi ne, da ƙyar ake gane hanci da baki. Dalili kuwa, layi 30 kawai ke cikinsa.

Tsaya ka fahimci zancen layin nan, don shi ne kan maganarmu duka. Hoton telebijin kamar saƙa yake. Dubi tabarmar kaba, ka dubi shadda. Kabar tabarma kana iya ƙidaya ta da yatsa. Zaren shadda kuwa siriri ne, yana da yawa, ido ba ya rarrabe shi, shi ya sa take santsi. To, haka hoto yake. In layukansa sun yi yawa sai ya fito tangaram, in sun yi kaɗan sai ya zama kamar an shafa masa toka.

A 1927 wani saurayi ɗan Amurka, Philo Farnsworth, ya aika hoto da lantarki zalla, ba faifai mai juyawa. Hanyarsa ce ta ci gaba, ta Baird ta mutu. Ran 2 ga Nuwamba 1936 gidan BBC na Ingila ya fara watsa shiri a kai a kai, kuma na'urar da ya riƙe daga baya mai layi 405 ce. A lokacin nan sunan da suka ba ta shi ne mai hoto garau ƙwarai. Yau da za a kunna maka ita, sai ka ce ta lalace. Ka riƙe wannan: kowane zamani masu saye da sayarwa suna cewa tasu ce ƙarshen kyau. Hoto mai launi ya fara shiga gidaje a Amurka a 1954, a Faransa kuwa sai 1967.

A yankinmu, Ibadan ta Najeriya ce ta fara buɗe gidan telebijin, ƙarshen Oktoba 1959. Kaduna ta biyo a 1962.

Labarin Nijar dabam yake, kuma ya kamata ɗalibin yaƙi da jahilci ya san shi. Nan ƙasar, telebijin ba don kallon wasa ta shigo ba. Don karatu ta shigo. A 1964, zamanin Shugaba Diori Hamani, malaman lakwal sun yi ƙaranci ƙwarai, yara kuma ga su da yawa. Sai gwamnati da taimakon Faransa ta kafa telebijin ta makaranta a Yamai. Ana shirya darasi a ɗaki guda, a watsa shi zuwa azuzuwa. Cikin kowane aji akwai akwati da mai kula da yara, wanda shi kansa iliminsa bai yi zurfi ba. In an gama nuna darasi, sai ya maimaita da su, ya yi musu tambayoyi. An fara da ƴan makarantu kewayen Yamai, daga baya aka ƙara. Masana daga ƙasashe da dama sun zo ganin yadda abin ke tafiya.

Sai ga matsala, wadda har yau ita ce tamu: ƙauye ba wuta. Batir yana da tsada, yana ƙarewa. Don haka tun 1968 aka gwada kunna akwatin makaranta da allon hasken rana kusa da Yamai. Allon nan da kake gani yau bisa rufin maƙwabcinka yana cajin salula, kakansa a lakwal ya fara aiki a ƙasar nan.

A 1979, zamanin Seyni Kunce, aka buɗe Télé Sahel, telebijin ta ƙasa, bisa kayan aiki da ma'aikatan da ta makaranta ta bari. Aka kai akwatuna na jama'a garuruwa da ƙauyuka, wasu masu aiki da rana. Tambayi dattawan garinku. Bayan sallar isha'i ake fito da ita fili, yara a gaba bisa rairayi, manya a baya bisa tabarmi. Akwati ɗaya, gari guda. Ana kallon labarai da Hausa da Zabarmanci, da wasan kwaikwayon su Yazi Dogo, da kokowar takobi wadda aka fara a Tawa a 1975. Gilashinta ƙarami ne, ba ta da launin kirki, amma ban ji wanda ya ce bai gane wanda aka kayar ba.

Daga shekarun 1990 abubuwa suka riƙa zuwa da gudu: kaset na finafinan Kano, faifan CD, kwandon tauraron ɗan adam bisa soro, gidajen telebijin masu zaman kansu. A 2014 tashar Arewa24 ta fara watsa shiri da Hausa ta tauraro. Tsohuwar akwati mai ƙaton ƙeya ita ma ta kau. Wajen 2007 mai fale-falen gilashi ta fara fin ta kasuwa a duniya.

Yanzu mu koma kanti. Ba a cika ƙidaya layi kaɗai ba yau, ɗigo ake ƙidaya, wato ƴan ƙananan ƙwayoyin haske da ke haɗuwa su ba da hoto. Wadda aka rubuta wa Full HD tana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wajen miliyan 2 ke nan. Mai 4K ko UHD tana da 3840 a kwance, 2160 a tsaye, sama da miliyan 8. Ninki huɗu. Ta fara shiga kasuwa a 2012. Ka ga nisan tafiya daga layi 30 na Baird.

Amma ga abin da mai kanti ba ya cika faɗi. Telebijin ba ta ƙirƙirar kyau, abin da aka aiko mata shi take nunawa. In ka zuba ruwan moɗa ɗaya cikin randa, randar ba ta cika. Yawancin tashoshin da muke kamawa da eriya ko kwando ba da 4K suke watsawa ba. Finafinan da ake zuba maka a katin waya ko makullin USB, an matse su don su yi ƙanƙanta. In ka shimfiɗa irin wannan hoto bisa ƙaton gilashi, aibinsa ne zai ƙara fitowa. Hoton da ka gani a kanti, mai furanni da tsuntsaye, an shirya shi musamman don talla.

Kalmar Smart kuwa, nufinta telebijin tana da ƙaramar kwamfuta a ciki, tana shiga intanet, kana kallon YouTube da makamantansa. Wannan sai da intanet mai ƙarfi. Kallon awa ɗaya na 4K yana iya cin giga 7. Lissafa kuɗin giga ɗaya a wayarka, ka ninka. In garinku sai ka hau tudu kafin kira ya shiga, kuɗin da ka ƙara don Smart ya tafi banza. Ga shi kuma kwamfutar cikin tana tsufa kafin gilashin. A ganina, gilashi mai kyau ya fi, ko da ba Smart, don ana sayar da ɗan akwati dabam da ke yin wannan aiki, ran da ka bukata ka haɗa.

Girma da inci ake auna shi, daga kusurwa zuwa kusurwa. Inci ɗaya santimita 2 da rabi ne da ɗan ɗori. Mai inci 55 faɗinta ya kai mita 1 da santimita 22, mai 65 ta kusa mita ɗaya da rabi. Auna bangonka da igiya tun daga gida. Ka sani kuma, in ka zauna nesa da mai inci 55 fiye da mita 3, idonka ba zai rarrabe 4K da Full HD ba.

Sai wuta. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ke da lantarki, a karkara abin bai kai haka ba. Mai inci 55 tana cin wajen wat 100. Ƙarama mai aiki da batir na bolt 12 tana iya tashi da wat 20 ko 30. In da rana kake aiki, babbar za ta nemi ƙarin allo, da babban batir, da na'urar juya wutar batir zuwa bolt 220. Wani lokaci kuɗin waɗannan ya fi na telebijin ɗin. In kana da wutar layi, sayi na'urar daidaita wuta, don dawowar wuta da ƙarfi tana ƙona ta nan take. Gilashin babba in ya fashe, canja shi ya kusa kuɗin sabuwa, kuma mai gyara ba kowane gari ake samunsa ba. Ƙurar hunturu da zafin bazara su ma abokan gabanta ne. A rufe ta da zane in an kashe, a bar mata sarari ta baya ta sha iska.

Akwai jabu, masu ɗauke da sunan Samsung ko LG alhali ba nasu ba ne. Kada ka sayi kwali a rufe. A buɗe, a kunna gabanka. Je da katinka ko makullinka na USB, a sa fim irin wanda iyalinka ke kallo. Dubi ko akwai ɗigon da ya mutu, baƙi ko fari, wanda ba ya motsi. Tsaya ta gefe ka ga ko hoton ya dushe, don a gidanmu ba mutum ɗaya ke kallo ba. Saurari muryarta. Nemi rubutun DVB-T2 a jikin kwali, shi ne ke kama tashoshin ƙasa na sabon tsarin TNT da eriya. Sannan a rubuta maka takardar saye, da lambar na'urar, da kwanan wata, da yawan watannin garanti. Yanzu ka iya karatu. Karanta ta da kanka kafin ka miƙa kuɗi.