Dashen Dillali da Dashen Mai Lambu: Nazari a Kan Kasuwar Itatuwa a Ƙasar Wasagu

Manomin da ke son dasa mangwaro ko kashu a ƙasar Wasagu hanyoyi uku ne a gabansa. Ko ya jira rabon gwamnati, ko ya saya a hannun dillalan da ke sauke dashe a bakin titi da ranar kasuwa da zarar damina ta kankama, ko kuma ya nemi mai lambun da ya reni dashen da hannunsa a bakin fadama. In ana gardama a kan wanne ya fi, yawanci a kan kuɗi ake tsayawa. Hujjar wannan nazari ita ce farashi shi ne ƙaramin abin da ya raba hanyoyin nan uku. Babban abin shi ne ko za a iya samun wanda ya sayar ranar da itacen ya fara 'ya'ya.

Wasagu ɗaya ce daga masarautu biyar da ke ƙarƙashin Sarkin Zuru, tare da Dabai, Danko, Fakai da Sakaba, kuma tana cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu mai hedikwata a Ribah. Wannan kudancin Jihar Kebbi ya fi su Argungu da Birnin Kebbi samun ruwan sama, damina kan kama daga wajejen Mayu har Oktoba. Saboda haka itace a nan jari ne kafin ya zama katangar tare hamada. Mutumin arewacin jihar yana neman abin da zai tare masa iska da rairayi. Mutumin Wasagu ko Bena yana neman abin da zai ɗora a mota ya kai kasuwa.

Wannan bambanci ne ya sa rabon gwamnati bai cika amsa tambayar manomin nan ba. Manyan shirye-shiryen dashe a Arewa sun taso ne daga tsoron hamada, musamman bayan farin farkon shekarun 1970. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, an kafa masa hukuma a Najeriya a 2015, kuma Kebbi tana cikin jihohi 11 da ya shafa. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan ayyuka sun fi sauƙin aunawa da yawan dashen da aka raba, don haka gandun renon gwamnati ya fi karkata ga abin da ake iya renawa dubu-dubu da araha: dogonyaro, turare, malaina. Ba abin rainawa ba ne, domin dogonyaron da asalinsa na ƙasar Indiya ne yau shi ke ba rabin garuruwan Arewa inuwa. Amma mai neman mangwaro mai aure sai ya shiga kasuwa.

To, a kasuwar ne matsalar take. Mai sayen dawa yana iya tauna ƙwara, mai sayen akuya yana iya buɗe bakinta ya ga haƙora. Mai sayen dashe kuwa cinikin biri a sama yake yi, don abin da ya biya kuɗi dominsa, wato irin 'ya'yan da itacen zai yi, ba ya bayyana sai bayan shekara uku ko huɗu. A 1970 masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi bayanin irin wannan kasuwa da misalin tsofaffin motoci, aikin da ke cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne in mai saye ba ya iya bambance mai kyau da marar kyau, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba. Mai kaya nagari sai ya ga ba riba ya janye, a bar kasuwa da na banza. Wanda ya ɓata lokaci ya nemo reshe daga itace sananne, ya yi wa dashensa aure da shi, ya jira ya kama, ba zai iya gogayyar farashi da wanda ya binne ƙwallo a leda kawai ba, alhali a ido ganyensu ɗaya.

Me ya sa auren yake da muhimmanci haka? Mangwaro iri biyu ne ta fuskar ƙwallo. Akwai wanda ƙwallonsa ɗaya ke fitar da tsiro biyu ko uku ko fiye, kuma mafi yawansu kwafin uwarsu ne. Yawancin mangwaron gida mai zare haka yake, shi ya sa ya bazu ko'ina ba tare da an yi masa aure ba. Akwai kuma wanda tsiro ɗaya tak yake fitarwa, wanda ya gaji uwa da uba, irin su Julie da Kent da Keitt. Wanda ya shuka ƙwallon irin waɗannan bai san abin da zai samu ba. Hanyar tabbatar da iri ita ce a yanko reshe daga uwar da aka sani a ɗora a kan gindin na gida. Ribar biyu ce: ana samun ainihin irin, kuma yana fara 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu, maimakon biyar zuwa takwas. A hekta guda, in an ba da tazarar mita 10, itace 100 ake dasawa. Manomin da aka sayar wa na ƙarya bai yi asarar kuɗin dashe 100 kawai ba. Ya yi asarar ban ruwan rani, da shingen ƙaya saboda awaki, da yaƙi da gara, da shekarun da ba za su dawo ba.

Dillali yana da nasa amfanin da bai kamata a hana shi ba. Shi ke kawo irin da babu a gari, lemo mai aure, gwaba, kwakwar ado, furanni, kuma yana kawowa da yawa a lokacin da ake so. Shi ne kwatankwacin manyan kantunan tsirrai da suka bunƙasa a Ingila tun shekarun 1960, bayan an fara renon tsiro a tukunya ta yadda za a iya sayar da shi kowane wata. Waɗancan kantuna ma galibi saro kaya suke yi, ba su ke renawa ba, kuma doguwar hanyar saro tana ɗauke da haɗarinta: a 2012 cutar da ke kashe itatuwan ash an fara gano ta a Ingila ne a jikin dashen da aka shigo da shi daga Holan. A nan gida, dashen da ya taso a inuwa da laimar Kudu, ya sha iskar bayan mota, aka sauke shi a rana, sau da yawa ya riga ya galabaita kafin ya shiga rami. Dillalin kansa yana iya zama mai gaskiya, amma abin da aka faɗa masa yake faɗa. Bai ga uwar ba.

Akwai abin da ido zai iya kamawa, ko da kaɗan ne. Auren gaskiya yana barin tabo a jikin kara, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa, inda fatar sama da ta ƙasa suka haɗu suka ɗan kumbura, kuma sau da yawa launinsu ya bambanta. Ledar da aka naɗe wurin ba shaida ba ce, kowa na iya naɗa leda. A roƙi a warware a gani. Sai a ɗaga ledar ƙasar a duba gindinta. In saiwa ta huda ta shiga ƙasa aka fizge ta, ko ta naɗe kanta a ƙasan leda, dashen ya daɗe fiye da kima, kuma babbar saiwar da ya kamata ta nutsa neman ruwan rani ta riga ta karkace. Dogon dashe a ƙaramar leda, wanda shi ne mutane suka fi rububi, shi ne ya fi wannan aibi. Amma duk wannan dubawa tana nuna an yi aure ne kawai. Ba ta nuna da wa aka yi.

A nan mai lambu ya sha gaban dillali. Yana iya kama hannun mai saye ya kai shi gindin itacen da ya yanko reshen, kuma in lokacin mangwaro ne, tsakanin Maris da Mayu, ya tsinko masa ya ɗanɗana. Dashensa ya saba da ruwa da ranar wurin. Sama da duka, yana nan. Za a gamu da shi a masallaci ko coci, a kasuwa, a wurin biki, kuma ya san sunansa na rataye a kan itacen da ya sayar. Wannan kusanci shi ne garantin da kasuwar ba ta da shi a takarda.

Sai dai kusancin yana da nasa ciwon. Kunya kan hana mutum komawa ya tuhumi maƙwabci ko suruki. Irin da mai lambu ke da shi kaɗan ne, kuma sunayen da ake kira, Binta Suga, Ɗan Kamaru, Fafaranda, ba kullum suke nufin abu ɗaya daga gari zuwa gari ba. In rijiyarsa ta ƙafe a watan Afrilu, aikin shekara ya tafi. Ga kuma rashin tsaron da ya addabi Danko/Wasagu a shekarun nan, wanda ya taɓa kowane ɓangare: ya tsadantar da jigilar dillali, ya raba wasu masu lambu da fadamunsu, ya kuma sa wanda ba shi da tabbacin kwana a ƙauyensa baɗi ya ja baya daga jarin shekara huɗu.

Abin lura, itatuwan da suka fi daɗewa suna ciyar da wannan ƙasa, kaɗanya da ɗorawa, kusan ba a sayar da dashensu. Kaɗanya kan kai shekara 15 ko fiye kafin ta yi 'ya'ya, don haka barinta ake yi a gona in ta fito da kanta. A Maraɗi, tun 1983, a kan wannan ɗabi'a aka gina sassaben zamani, inda ake renon tohon kututture maimakon sayen dashe.

Abin da mai lambu ya rasa shi ne reshe mai tabbataccen suna, kuma wannan ba shi da tsadar samarwa. Tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta Zuru yanzu Jami'ar Aikin Gona ce ta Tarayya, a ƙofar gida. Ina kira gare ta da ta keɓe fili ta dasa iyayen mangwaro, lemo da kashu masu rajistar suna, ta riƙa sayar wa masu lambun Wasagu, Ribah da Bena reshe, ta kuma koya wa matasa aure kafin kowace damina. Kafin a kai ga haka, mai niyyar dasa gona guda ya fara neman uwar itace a watan Afrilu, ya ɗanɗana, sannan ya ba da kafin alƙalami.