Aikin da Littafi Ke Bar wa Yaro: Nazarin Littattafan Hotuna da Labaran Al'ajabi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci abin da ke sa littafin yara ya cancanci a karanta shi, ta hanyar bibiyar zubi da salon littattafan hotuna biyu da wasu labaran al'ajabi. An ɗora nazarin a kan ra'in Wolfgang Iser, manazarcin adabi ɗan ƙasar Jamus, wanda ya nuna cewa kowane matani yana da giɓin da mai karatu ke cikewa da kansa. Nazarin ya gano cewa darajar waɗannan littattafai ta fi rataya ga aikin tunanin da suke bar wa yaro fiye da darasin da aka liƙa musu a ƙarshe.

Gabatarwa

Idan iyaye ko malamai za su zaɓar wa yaro littafi, yawanci tambayarsu ɗaya ce: wane darasi yake koyarwa? Tambayar tana da muhalli, domin tarbiyya ba abin wasa ba ce. Sai dai a ganin wannan bincike ta yi ƙunci. Akwai littattafai masu tarin nasiha da yaro ke ajiyewa bayan shafi uku, akwai kuma waɗanda yake nacin a sake karanta masa har bangonsu ya yage. Dalilin wannan naci ne aka bi diddiginsa a nan.

Hoto da Kalma

A 1968 Pat Hutchins, marubuciya 'yar Ingila, ta fitar da Rosie's Walk. Duka rubutun littafin jimla ɗaya ce mai kalmomi 32, wadda ke bayyana yadda wata kaza ta fita yawo a gona ta dawo gida. Rubutun bai ambaci yanyawar da ke biye da ita ba ko sau ɗaya, a hoto kaɗai ake ganinta. Ta daka tsalle za ta cafke kazar, ta taka manjagara, ƙotar ta buge ta a fuska. Ta faɗa kududdufi, buhun gari ya zube mata a ka, daga ƙarshe ta tunkuɗe amya, ƙudan zuma suka kore ta. Kazar kuwa tafiyarta kawai take yi, kai a sama, ko waiwaye babu.

Babban da ke karantawa yana bin layin rubutu, yaron da ke kan cinyarsa yana bin hoto, don haka yaron ya fi babban sanin halin da ake ciki. Shi zai nuna da yatsa ya ce, "Baba, ga ta can a bayanta!" Yaron da bai san baƙi ba ya zama mai ba da labari. Maria Nikolajeva da Carole Scott, a littafinsu na 2001 kan yadda littattafan hotuna ke aiki, sun bambance hoton da ke maimaita abin da kalma ta faɗa da wanda ke faɗin wani abu daban ko ma ya saɓa mata. Littafin Hutchins na kashi na biyu ne, kuma a nan ƙarfinsa yake. Shin kazar ta san ana binta? Littafin bai amsa ba, yara kuma sukan yi ta musu a kai.

Maurice Sendak na Amurka ya bi wata hanyar a Where the Wild Things Are (1963), wanda ya ci lambar Caldecott a 1964. An kora yaro Max ɗaki ba abincin dare saboda rashin ji. Yayin da fushinsa ke ƙaruwa, hotunan suna ƙara girma suna cinye farin shafi, har aka kai shafuka shida a jere da babu kalma ko ɗaya, sai rawar dodanni. Da ya huce, hotunan suka soma raguwa. Babu inda aka yi wa yaro wa'azi a kan fushi, amma ya ga tashinsa da saukarsa da idonsa.

Dokar Duniyar Al'ajabi

A dogon labarin al'ajabi aikin yaro ya sauya kama. J. R. R. Tolkien, marubucin The Hobbit (1937), ya bayyana a laccar da ya gabatar a Jami'ar St Andrews a 1939 cewa ƙirƙiro abin mamaki abu ne mai sauƙi, wahalar tana wajen gina duniyar da abin zai zauna daram a cikinta bisa dokokinta. Ursula K. Le Guin ta nuna haka a aikace cikin A Wizard of Earthsea (1968). Tsafi a duniyarta yana tafiya ne da sanin sunan gaskiya na kowane abu, kuma duk wanda ya yi shi sai ya biya farashi. Tauraron labarin, Ged, girman kai ya sa ya saki wata inuwa da ta riƙa farautarsa, bai kuma rabu da masifarta ba sai da ya kira ta da sunan kansa. Yaron da ya riƙe dokar suna tun daga farkon labari zai iya hango wannan warwara kafin ta zo. Labarin da komai ke yiwuwa a cikinsa ba tare da ƙa'ida ba yana hana yaro wannan hasashe, ya bar shi ɗan kallo kawai.

Adabin Hausa ya san dabarar bar wa mai karatu aikin tunani tun da daɗewa. A littafi na farko na Magana Jari Ce (1937), Abubakar Imam ya sa aku yana ba Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, labari kowane dare don ya hana shi fita zuwa fagen yaƙi. Mai karatu ya san makircin da wazirin sarkin ke ƙulla wa Musa, ya san kuma dole labarin ya kai wayewar gari, don haka yana sauraron kowane labari da kunne biyu, ɗaya a kan labarin, ɗaya a kan Musa da ke shirin ficewa. Matsayinsa daidai yake da na yaron da ke ganin yanyawa a bayan kaza.

Abin da Ya Rage wa Masu Wallafa

Inda aikin wallafa littattafan yara ya fi bukatar gyara shi ne ɓangaren hoto. Muddin aka gama rubutu sannan aka miƙa wa mai zane da umarnin ya zana abin da aka faɗa, hoton zai zama ado ne kawai. Ana ba da shawarar marubuci da mai zane su zauna tare tun daga tsara shafuka, su yanke abin da kalma za ta faɗa da abin da za a bar wa hoto. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi sun dace da wannan gwaji, domin Gizo yakan faɗi abu ɗaya da baki alhali hannunsa na aikata wani, kuma wannan saɓani ne mai zane zai iya ɗauka ya sa a shafi ba tare da rubutu ya tona shi ba.