Jiragen Dare a Uli: Yunwar Biyafara da Masu Kai Ɗauki

1/ Jama'a, ga wani zare. Duk sanda na ga motar MSF a Maiduguri ko Katsina, sai in tuna da yawanmu ba mu san yunwar da aka yi a ƙasar nan na cikin abin da ya haifi ƙungiyar ba. Ku biyo ni.

2/ Janairu 1966 aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Daga baya aka kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a Arewa, saura suka tsere Gabas. Ba daɗin faɗa, amma tarihinmu ne. Ranar 30 ga Mayu 1967 Ojukwu ya ayyana Biyafara, a Yuli yaƙi ya ɓarke.

3/ Mayu 1968 sojojin tarayya suka kama Fatakwal, hanyar teku ta toshe. Miliyoyin mutane, da yawansu 'yan gudun hijira, suka cunkushe wuri guda. Ɗan rogo ne kawai, ba nama, ba kifi, gishiri ma ya gagara.

4/ Sai tamowa ta kama yara: ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja. A Yuli 1968 mujallar Life ta Amurka ta sa hotonsu a bangonta, duniya ta girgiza.

5/ Ga inda ya fi ci min rai. Abincin agaji fa akwai shi. Gwamnatin Gowon ta ce a shigar da shi ta ƙasa, bayan an bincika. Ojukwu ya ƙi, ya ce za a iya sa guba. Legas ta ce jiragen dare na rufa wa masu kawo makamai asiri, kuma lallai makamai na shiga da dare. Manya na ja-in-ja, yara na mutuwa.

6/ Masu agaji ba su jira ba. A garin Uli an mayar da titin mota filin jirgi. Ƙungiyoyin coci, a ƙarƙashin Joint Church Aid, suna tasowa daga tsibirin Sao Tome. Red Cross kuma daga Fernando Po, daga baya Kwatano.

7/ Ku kwatanta: dare, duhu, jirgin yaƙi na shawagi a sama. Ana kunna fitilun titi na ɗan lokaci, matuƙi ya sauka, a kashe. A sauke madarar gari, busasshen kifi, gishiri da magani, a tashi kafin asuba.

8/ Jiragen cocin kaɗai sun yi sawu sama da 5,000, da kaya kusan tan 60,000. Wasu matuƙan ba su koma gida ba. Ranar 5 ga Yuni 1969 jirgin yaƙin Najeriya ya harbo na Red Cross, ta dakatar da jigila. Cocin suka ci gaba.

9/ Har yau masana na gardama. Agajin ya ceci rayuka, ba musu. Amma wasu na cewa kuɗin waje da ya shigar wa Biyafara ya taimaka mata ta ƙara jan yaƙin. Ni dai na kasa cewa da an bar yaran nan.

10/ An gama yaƙi 15 ga Janairu 1970. Ƙiyasin farar hula da suka mutu ya kama daga 500,000 zuwa miliyan 2, akasari yunwa ce, ba harsashi ba.

11/ Wani matashin likita ɗan Faransa, Bernard Kouchner, ya yi aiki can da Red Cross. Ƙa'idarsu ita ce ka yi magani ka ja bakinka. Ya ƙi yin shiru. A Disamba 1971 shi da wasu likitoci da 'yan jarida suka kafa MSF a Faris.

12/ A 1977 aka yi ƙari kan Yarjejeniyar Geneva, aka haramta amfani da yunwa a matsayin makami kan farar hula. Amma takarda ba ta buɗe hanya, sai mai riƙe da bindiga ya yarda.

13/ Don haka in kun ga hoton yaro mai tamowa a fagen yaƙi, kar ku tsaya a "Allah sarki". Ku tambaya: wa ya tare hanyar abincin? Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye mu da maimaici.