Kalandar da ke Jikin Namijin Jemage

Kusan shekara ɗari da ta wuce, masana dabbobi na Turai da dama sun ɗauka cewa lokacin barbara al'amari ne na ƙasashen sanyi. A ganinsu, dabbar da ke dajin da ruwa ba ya ɗaukewa, zafi kuma bai cika sauyawa ba, tana iya haihuwa a kowane wata. Abin da ya ƙara musu ƙarfi shi ne gwajin da William Rowan ya wallafa a 1925. A birnin Edmonton na Kanada, ya kunna wa wasu ƙananan tsuntsaye fitila a tsakiyar hunturu don ya tsawaita musu yini, sai ga 'ya'yan marainan mazansu sun girma kamar bazara ta shigo. To idan tsawon yini ne ke tayar da jikin namiji, yaya za a yi a yankin ikweta, inda dare da yini suke kusan kai ɗaya duk shekara?

Wannan tambaya ce ta kai John Baker na Jami'ar Oxford da matarsa Zita tsibirin Espiritu Santo, a ƙasar da yanzu ake kira Vanuatu, cikin ayarin bincike na 1933 zuwa 1934. Aikin mai wahala ne, kuma sai da haƙuri: a samo jemagu wata bayan wata, a duba cikin mata, a auna nauyin marainan maza. Namiji ya fi saurin tona asiri, domin marainansa kan yi nauyi idan barbara ta kusa, su sake raguwa idan ta wuce. Sakamakon da suka fitar a 1936 ya nuna manyan jemagun tsibirin suna da ƙayyadadden lokacin haihuwa. A 1938 Baker ya raba matsalar gida biyu, kuma har yau da rabon nan ake aiki: akwai dalilin asali, wato a haifi ɗa lokacin da abinci ya wadata, akwai kuma alamar kusa da ke sanar da jiki cewa lokaci ya yi. A. J. Marshall, wanda ya kasance cikin ayarin, ya ba da rahoton irin wannan tsari a babban jemagen Siri Lanka a 1947.

Babban ci gaba na gaba daga Afirka ya fito. A Kampala ta Yuganda, inda ikweta ke dab da gari kuma damina ke zuwa sau biyu a shekara, Festo Mutere ya bi jemage mai launin ciyawa, wanda masana ke kira Eidolon helvum. Ya ga marainan maza suna kai ƙarshen girmansu tsakanin Afrilu da Yuni, kuma a nan ake barbara. Amma ƙwan da ya haɗu da maniyyi ba ya kama jikin mahaifa sai wajen Oktoba, haihuwa kuma sai Fabrairu da Maris, gab da saukar babban ruwa. Mujallar Nature ta buga wannan a 1965. Ma'anarsa ita ce namiji yana gama nasa aikin kusan wata tara kafin ranar da ake buƙatar 'ya'yan itace, kamar manomin da ke sharar gona tun ba a ga hadari ba. A 1974 Fayenuwo da Halstead suka sami irin wannan jinkiri a jemagun Ile-Ife, wanda ya nuna abin ba na Yuganda kaɗai ba ne.

Daga shekarun 1980 bincike ya koma Ostireliya, hanyarsa ma ta canza. A Jami'ar Queensland, Len Martin da abokan aikinsa sun riƙa kiwon jemagu a keji, suna auna dabba ɗaya a raye shekara da shekaru, tare da duba sinadarin mazakuta a jininta. Nan aka ci karo da abin mamaki. Jemage mai furfurar kai yana barbara a Maris da Afrilu, 'ya'ya su zo wajen Oktoba. Ƙaramin jan jemage kuwa, da ke kwana a bishiyoyi ɗaya da shi, ƙarƙashin rana ɗaya, nasa lokacin ya saɓa da kusan wata shida. Da Martin da abokan aikinsa O'Brien da Curlewis suka sauya wa mazan jan jemage tsawon yini da fitila, rahotonsu na 1993 ya nuna marainan sun ci gaba da girma da raguwa a kan tsohon lokacinsu. Fitilar da ta juya tsuntsayen Rowan ba ta juya wannan dabba ba, domin lissafin shekararta daga cikin jikinta yake fitowa. Daga baya, a 2011, Justin Welbergen ya nuna farashin abin: mazan jemage mai furfurar kai suna tara kitse kafin barbara, su ƙone shi wajen tsare reshe da matan da ke kai.

Darajar wannan tarihi ta wuce ɗakin bincike. Yawancin manyan jemagu ɗa guda suke haifa a shekara, kuma su ne ke watsa irin itatuwa da ƙurar furanni zuwa nesa. Jikin da ya riga ya tsara shekararsa ba ya iya ɗage barbara don an sare bishiyar kwanansa, ko don fure ya makara. Mafarauci ko mai sarar itace da ya faɗa wa garke a watannin barbara da goyo, haihuwar shekara guda ya salwantar. Tunda masana sun riga sun gano waɗannan watanni, abin da ya rage shi ne hukumomin gandun daji da masu garuruwan da jemagu ke sauka su hana farauta da sara a cikinsu.