Sunan Zuriya da Neman Asali a Ƙasar Sikotlan

A ƙarni na 18 da na 19 an tashi dubban talakawa daga tsaunukan Sikotlan domin a mai da gonakinsu makiyayar tumaki, da yawansu suka yi ƙaura zuwa Kanada da Amurka. Jikokinsu ne yau suke sayen littattafan sunayen zuriya da tambarin gida, suna neman asalinsu.

To, amma suna kaɗai ba ya tabbatar da jini. A zamanin da, talaka yakan ɗauki sunan shugaban ƙabilar da ya fake a ƙarƙashinsa. Kuma a 1603 Sarki Jemis na Shida ya haramta sunan MacGregor, tilas masu shi suka koma amsa Murray ko Drummond ko Campbell, ba a ɗage hanin gaba ɗaya ba sai 1774. Watau mai amsa Campbell yau yana iya zama jinin tsofaffin abokan gābar Campbell ɗin.

Tambari kuwa, bisa dokar ƙasar, mallakar mutum ɗaya ne. Kotun Lord Lyon da ke Edinbara ke ba da shi, tana riƙe da rajistarsa tun 1672. Allon da 'yan kasuwa ke sayar wa duk mai wani suna ado ne kurum.

Littafin da ya cancanci yabo shi ne na George F. Black, na 1946, wanda ya bi sunayen cikin tsofaffin takardu, ya nuna wuri da shekarar da aka same su a rubuce. Daga nan sai mai bincike ya nufi rajistar majami'u, da ta haihuwa da aure da mutuwa wadda hukuma ta soma a 1855.